Yadda Sunanmu Ya Hau Jikin Gorar Zoɓo

'Yan uwa mata, tunda bikin zagayowar shekarar ƙungiyarmu ya zo, bari mu tuna tarihin wani ɗan abu da yaranmu suke gani kamar dama can haka yake, wato takardar nan da muke mannawa a jikin gorar zoɓo da kunun aya.

Iyayenmu ba su san ta ba, kuma ba su bukace ta ba. A ƙwarya ko bokiti ake kawo kunu kasuwa, a ɗiba da ludayi, mai saye ya sha a tsaye yana kallon fuskar wadda ta dama. In ya yi tsami, ya san gidan da zai kai ƙorafi. Daga baya aka koma ƙullawa a leda ana jerawa cikin kula da ƙanƙara. Da ruwan roba ya yawaita, sai muka shiga sayen gorunan da aka shanye, mu wanke, mu ɗura. To a nan fa matsala ta faro. Gorar tana ɗauke da sunan wani kamfani, abin da ke ciki kuma namu ne, yaro ya kai tasha ya sayar wa baƙo. Mace ɗaya ta yi sakaci da ruwa, sai a ce masu zoɓo duk ƙazamai ne.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta ƙara ƙarfi daga 2001 lokacin Dora Akunyili, har mutane suka saba juya kaya suna neman lamba da kwanan wata. Masu shaguna suka fara tambayarmu, "Hajiya, ina sunanki a jiki?"

Takardun farko da biro aka rubuta su, aka manna da salatif. Da zarar gora ta fito daga ƙanƙara ta yi gumi, rubutun ya jiƙe ya dame. Bugun shagon kwamfuta ma bai tsira ba in injin mai tawadar ruwa ne. Sai da muka gane a nemi bugun injin leza, ko sitika mai santsi da ruwa ba ya ratsawa.

Awo ya fi komai ba mu wahala, kuma matan da ke ɗinki a cikinmu ne suka warware shi da tef ɗinsu. Gorar santilita 50 kewayenta kusan santimita 20 ne, takardar A4 kuwa faɗinta 21, tsawonta 29.7. In kina son sitikar ta zagaye gora har bakinta ya hau ɗan uwansa, faɗin zai isa da ƙyar, guda huɗu kacal za ki samu. In kuwa ta gaba kaɗai ce, 10 da 7, takarda ɗaya za ta ba ki takwas. A ganinmu mai ƙaramin jari ta tsaya a kan takwas ɗin nan, ai launin zoɓon ma talla ne, me zai sa a rufe shi? Kuma a auna wurin da gorar take a miƙe, don kan kwarmi sitika tattarewa take.

Ajin yaƙi da jahilci ya yi mana rana a nan. Da mai shago ke rubuta abin da ya ga dama mu karɓa. Yanzu mu ke karantawa kafin a buga: suna, unguwa, lambar waya, kayan haɗi irin su citta da kanumfari da dabino. Mukan ce a sa mana ɓ mai lanƙwasa a zoɓo, ko da zai ce kwamfutarsa ba ta da ita.

Layin ranar da aka dama kuwa mukan bar shi fili mu cike da hannu kowace safiya, saboda kunun aya ba ya kwana lafiya in babu sanyi. Lambar NAFDAC kuma ba a ƙirƙirarta, ba a aron ta wani. Wadda ba ta yi rajista ba ta bar wurin babu komai, ta zo taron wata mu tattauna yadda za a haɗa kuɗin.