Lambobin yaƙi da kayan mazan jiya a ƙasar Kano

Lambar yaƙi, wadda tsofaffin sojoji ke kira minda, ƙaramin ƙarfe ne da ake rataya wa soja a ƙirji domin shaidar cewa ya halarci wani yaƙi, ko kuma ya nuna jarunta a fagen daga.

A ƙasashen Turai tara irin waɗannan lambobi da tambura da tsofaffin kakin soja sana'a ce mai zaman kanta, kuma har gwanjonsu ake yi. A garuruwan yammacin jihar Kano kamar Gwarzo da Kabo kuwa, kayan gado ne da iyalan mazan jiya ke ajiyewa a cikin adaka, sau da yawa ba tare da an san yaƙin da aka ba da su dominsa ba.

Masana tarihi da masu tara kayan sun yi ittifaƙi a kan cewa darajar lamba tana tattare da sanin mutumin da aka bai wa ita. Idan aka raba ta da sunansa da takardunsa, abin da ya saura ɗan ƙarfe ne kawai.

Asalin rundunar

Mafi yawan tsofaffin lambobin da ake samu a arewacin Nijeriya sun fito ne daga Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAFF. Birtaniya ce ta kafa ta a shekarar 1897 a ƙarƙashin jagorancin Frederick Lugard, kuma Hausa ce harshen da dakarunta na Nijeriya suka daɗe suna amfani da shi a bariki.

Wannan runduna ce ta ci birnin Kano a ranar 3 ga watan Fabrairu na 1903, a ƙarƙashin Kanar Morland, zamanin Sarki Alu. An bai wa sojojin da suka yi wannan yaƙi lambar aikin soja a Afirka, wadda aka ƙirƙiro a 1902, tare da wani ɗan siririn ƙarfe a jikin ƙyallenta mai ɗauke da sunan Nijeriya ta Arewa da shekarar 1903.

Kayan ɗaya ɓangaren, wato mayaƙan sarki, su ne sulke da lifidi da kwalkwali da takobi da mashi. Ana iya ganin irinsu a gidan tarihi na Gidan Makama da ke birnin Kano, da kuma jikin mahaya a lokacin hawan salla.

Tambarin rundunar WAFF itacen kwakwar manja ne, wanda ake gani a jikin maɓallai da alamomin hula. Kayan faretinta kuwa su ne kaki, da jar dara, da jar 'yar shara mai rawayan baki, da jan ɗamara. An rushe rundunar a 1960, lokacin da Nijeriya ta sami 'yancin kai.

Yaƙin duniya na ɗaya

Tsakanin 1914 da 1918 sojojin Nijeriya sun yaƙi Jamusawa a Kamaru, daga baya kuma a Afirka ta Gabas.

Lambobin wannan yaƙi guda uku ne: tauraro na tagulla na shekarun 1914 zuwa 1915, da lambar azurfa mai hoton Sarki George na biyar a fuska ɗaya da mahayin doki a ɗaya fuskar, sai lambar nasara mai ƙyalle kalar bakan gizo.

A jikin waɗannan lambobi an buga lambar aikin soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa, a gefen masu zagaye, a bayan tauraron kuma. Saboda haka duk wanda ya gaji ɗaya daga ciki, abu na farko da ya kamata ya duba shi ne gefenta.

Wannan rubutu yana da muhimmanci ƙwarai. A shekarar 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta amince cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a wannan yaƙi, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a wuraren tunawa da mamata ba. Ga wasu iyalai, gefen lamba ne kaɗai wurin da sunan kakansu ya wanzu a rubuce.

Habasha da Bama

A yaƙin duniya na biyu, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, an ɗebi kurata daga gundumomin karkara ta hannun hakimai da dagatai, aka tura su horo.

Dakarun Nijeriya sun fara fafatawa ne da Italiyawa a Afirka ta Gabas, inda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, suka zarce Habasha. Waɗanda suka yi wannan yaƙi sun sami Tauraron Afirka, mai ƙyalle kalar rairayi da jan layi a tsakiya.

Daga 1943 aka tura runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma zuwa Indiya, daga nan zuwa Bama, wato Myanmar ta yanzu, domin yaƙar Japan. Alamar runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawayan ƙyalle, wanda aka ɗauko daga tatsuniyoyin Afirka ta Yamma. Ta runduna ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo, domin sojojin sun riƙa ɗaukar kayan yaƙi a ka cikin dazukan da mota ba ta iya shiga.

Lambar wannan fage ita ce Tauraron Bama, mai tsini shida, da jan ƙyalle wanda gefunansa shuɗi ne da ruwan lemo. Galibi ana samunsa tare da tauraron 1939 zuwa 1945, da wata lamba mai zagaye wadda ke da hoton Sarki George na shida, a bayanta kuma zaki tsaye a kan dodo.

Sunayen wuraren da aka gwabza suna nan a barikokin Nijeriya, kamar Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, da Kalapanzin a Kaduna.

Matsalar lambobin wannan yaƙi ita ce Birtaniya ta raba su ba tare da buga suna ba. Don haka takardar sallama, wadda ke ɗauke da lambar aikin soja da bataliyarsa da shekarun da ya yi, ita ce shaidar da ke haɗa lamba da mai ita.

Bayan samun 'yanci

Nijeriya ta sami lambobinta na kanta, tun daga lambar 'yancin kai ta 1960 har zuwa waɗanda aka bai wa sojojin da suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970.

Akwai kuma lambobin aikin kiyaye zaman lafiya, kamar ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Kongo daga 1960 zuwa 1964, da ta rundunar ECOMOG da aka tura Laberiya a 1990. Barikin Bukavu na Kano ya samo sunansa ne daga wani gari a Kongo. Ɗaya barikin, wato Janguza, yana kan hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Kabo da Gwarzo.

An kafa ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion bisa doka a 1964. Ranar tunawa da mazan jiya, wadda a da ake yi a 11 ga watan Nuwamba, an mayar da ita 15 ga watan Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Doka da adanawa

Mallakar lambar gado ba laifi ba ne, amma doka ta hana farar hula sanya kakin soja ko yin shigar da za ta sa a ɗauke shi soja ne. Fitar da kayan tarihi daga ƙasa kuma yana buƙatar izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Tsohon harsashi ko gurneti kuwa yana iya fashewa komai daɗewarsa, don haka hukumomin tsaro ake sanar wa.

Masu adana kayan tarihi suna ba da shawarar kada a goge lamba da toka ko yashi ko man goge ƙarfe, domin hakan yana cinye rubutun da ke jikinta. Haka nan kada a yar da tsohon ƙyalle don ya koɗe, domin da launinsa ake gane yaƙin.

Kaki da takardu suna buƙatar wuri busasshe, nesa da gara da danshin damina, kuma yana da kyau a ɗauki hotonsu a ajiye daban.

Babbar asara takan faru ne wajen rabon gado, inda ake rarraba lambobin mutum ɗaya tsakanin magada, takardar sallama kuma ta faɗa hannun wani. Abin da ya fi shi ne a bar su a haɗe a hannun wanda iyali suka amince da shi, a kuma rubuta sunan mai su, da garinsu, da duk abin da dattawan gidan suka ji daga bakinsa tun suna raye.