Tarihin Manhajar Horar da Malamai a Kano a Zamanin Turawa

Horar da malamai irin na boko ya fara a Kano a shekarar 1909, zamanin Sarki Abbas, lokacin da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa, bayan ganuwa. Ɗalibansa na farko ba yara ba ne. Malamai ne da suka riga suka yi karatun allo da na zaure, aka tattaro su daga masarautun Arewa. Da Hausa ake koya musu rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya, don su koma garuruwansu su koyar, ko su riƙe ayyukan En'e. Turanci kuwa ba a ba shi muhimmanci ba, domin Turawan mulki na gudun a samu 'yan boko masu ja da hukuma irin na Legas.

Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1921, horar da manyan malamai ya koma can, inda ake shekara biyar ana karatu da Turanci. Ta haka hanya ta rabu biyu: mai Turanci ya bi Katsina, mai Larabci ya tsaya a zaure, ba shi da takardar shaida.

Gyaran wannan giɓi daga cikin birnin Kano ya taso, kuma ba don koyarwa aka faro shi ba, alƙalai ake nema. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero an kafa makarantar shari'a ta Shahuci a 1928, sannan a 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa, aka ɗauko mata shehunnai daga Sudan, cikinsu har da Shehu Bashir al-Rayyah. Littattafan dai su ne na zaure, wato fiƙihun Malikiyya irin su Risala da Muhtasar. Tsarin ne ya sauya: ga aji, ga jadawali, ga allon bango, ga jarrabawa a ƙarshen shekara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga almajirin da ya saba biya littafi guda gaban malaminsa har ya sauke shi. Shehu Abubakar Gumi na cikin waɗanda suka yi karatu a nan.

A 1947 aka sauya wa Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa suna zuwa Makarantar Koyon Larabci, wadda aka fi sani da SAS, aka ɗora mata horar da malaman Larabci da addini, aka haɗa musu da Turanci da lissafi da dabarun koyarwa. Sai a lokacin malamin Larabci ya samu hanyar shiga aji da takarda a hannu kamar takwaransa na boko, kusan shekara 40 bayan buɗe makarantar Nassarawa. Daga azuzuwan SAS na gaba da sakandare ne aka samu tushen kwalejin da ta zama Jami'ar Bayero.