Lesoto, Masarautar Kan Duwatsu

Wanda duk ya ɗauki hanyar mota daga lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu ya nufi mashigin Sani, inda hanya take nannaɗe da jikin dutse, kwana bisa kwana, har ta kai shi tsayin da ya haura mita 2,800 bisa teku, to, sa'ad da ya ƙetare kan iyaka ya tarar da makiyaya lulluɓe da barguna bisa gajerun dawaki, lalle ne ya tambayi kansa yadda aka yi wannan 'yar ƙasa, wadda Afirka ta Kudu ta kewaye ta gabas da yamma, kudu da arewa, ta wanzu da sarkinta da tutarta. Hanyar ma da yake bi, asalinta turbar alfadarai ce, da fatake suke saukar da ulu ta kanta, su hawo da garin masara da barguna.

Galibin mutane sukan ce duwatsu ne suka tsare Basuto, mutanen ƙasar. Haƙiƙa duwatsun sun yi nasu, domin babu wani sashe na ƙasar da bai haura mita 1,000 ba. Amma ni a ganina, da ba a sami shugaba mai hilimi da hangen nesa irin Moshweshwe ba, da tsaunukan nan sun zama mafakar 'yan gudun hijira kawai, ba su zama daula ba.

A farkon ƙarni na 19 wata babbar fitina ta auka wa kudancin Afirka, a zamanin da mulkin Shaka na Zulu yake bunƙasa, kabilu suka riƙa korar juna, gonaki suka zama kufai, yunwa ta tsananta har waɗansu suka koma cin naman 'yan Adam. Cikin wannan hali ne, a 1824, Moshweshwe ya kwashi jama'arsa daga Buta-Bute ya hau da su Taba Bosiu, wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, mai maɓuɓɓugan ruwa a bisansa, wanda mashigansa 'yan kaɗan ne, kuma ƙunƙuntattu. An ruwaito cewa a kan hanyar wannan hijira masu cin mutane suka kama kakansa Pete suka cinye, kuma da aka zo masa da su daga baya, mutane suna jiran ya yi ƙisasi, sai ya ƙi, ya ce cikinsu ya riga ya zama kabarin kakansa, ba a kuwa wulaƙanta kabari. Ya ba su shanu da gonaki don su bar mugun halin da yunwa ta jefa su. Haka kuma da mayaƙan Ndebele na Mzilikazi suka kawo hari a 1831, aka yi ta gangaro musu da duwatsu har suka juya, sai ya aika a bi su da shanu masu ƙiba a matsayin guzuri, yana nufin yunwa ce ta kawo su. Ba su sake dawowa ba. Da irin wannan siyasa, da ba wa talakawa shanu kiwo suna shan nono, da tara jama'a a fili don shawara, ya ɗinke ɓarɓashin kabilu suka zama al'umma guda.

Jarrabawa mafi tsanani daga Turawa ta zo. A 1852, bayan gwabzawar Beriya, inda rundunar Gwamna Cathcart na Ingila ta ja da baya, maimakon Moshweshwe ya yi alfahari sai ya rubuta wa gwamnan takarda cikin tawali'u yana neman sulhu, ya buɗe masa ƙofar komawa gida ba tare da kunya ba. Amma Turawan Bowa na Orange Free State, da yake ƙasar noma suke kwaɗayi, lallashi bai yi musu magani ba. Suka yaƙe shi a 1858, suka sake a 1865, kuma ko da yake sun kasa hawa Taba Bosiu, sun ƙone amfanin gona sun kore dabbobi, har tsoho ya ga babu mafita illa neman kariyar Ingila, aka kuwa ba shi a 1868. Yarjejeniyar Aliwal North ta 1869 ta yanke wa Basuto mafi albarkar filayensu na yammacin kogin Kaledon, Moshweshwe kuma ya rasu a 1870.

Magadansa suka riƙe abin da ya rage da ƙarfin hali: suka ƙi miƙa bindigoginsu ga gwamnatin Kef a yaƙin 1880 zuwa 1881, suka ƙi yarda a haɗe su da Tarayyar Afirka ta Kudu a 1910, har suka sami mulkin kai ranar 4 ga Oktoba, 1966. Sai dai rashin filayen nan ya tilasta wa mazajensu, zuriya bayan zuriya, tafiya ƙwadago ramukan zinariya na maƙwabciyarsu, abin da yake ɓata mini rai duk sa'ad da na tuna. Bisa yarjejeniyar da aka ƙulla da Afirka ta Kudu a 1986 kuma, ruwan da ake tarewa a madatsar Katse yana bi ta ƙarƙashin duwatsu zuwa yankin Johannesburg, Lesoto tana karɓar kuɗinsa.