Makonni 26: Yadda binciken ƙwararru ke jan shari'ar karɓe yara a Ingila

Da yawanmu a Agege, Mile 12 da Sabo na Ibadan muna da 'yan uwa a Ingila, kuma maganar "hukuma ta karɓe musu yara" ta daina zama baƙuwa a kunnenmu. Ga yadda shari'ar take da inda take maƙalewa.

A Ingila da Wales, idan ƙaramar hukuma ta ga yaro na fuskantar mummunar cutarwa a gida, tana kai ƙara kotun iyali ƙarƙashin dokar yara ta 1989. Kotu na iya sa a ajiye yaron wajen masu riƙo kafin a yanke hukunci. Iyaye kuma ana ba su lauya kyauta, ko nawa suke samu.

Jinkirin yakan faro ne daga neman ra'ayin ƙwararru: likitan ƙwaƙwalwa ya duba uwa, likitan yara ya faɗi ko karayar nan faɗuwa ce ko duka, a yanki gashin uba a gwada ko yana shan ƙwaya. Kowanne da layinsa, ga ƙwararrun ba su da yawa. Binciken da David Norgrove ya jagoranta a 2011 ya gano irin wannan shari'a na cin kimanin makonni 56. Jaririn da aka ɗauka yana wata 2, kafin a gama ya fara tafiya a gidan wasu. Mu da muka tashi a kara mun san saniyar da aka ɗaure ana jiran takarda ramewa take yi, to ina ga ɗan mutum.

Shi ya sa dokar 2014 ta yanke makonni 26 a gama shari'a, kuma ba a kiran ƙwararre sai alƙali ya yarda lallai ana buƙatarsa. Ana iya ƙara lokaci, amma kada ya wuce makonni 8 a kowane ƙari. Duk da haka, shari'o'i da dama na zarce wa'adin. Ni dai a ganina gaggawar ma da nata haɗarin, don wani lokaci rahoton likita ɗaya ne ke wanke iyaye.

Inda abin ya shafe mu kai tsaye shi ne dangi. Kafin a ba wani bare yaro ya zama nasa har abada, kotu na duba ko akwai kaka, goggo ko kawu da zai riƙe shi, ko da a Najeriya yake. Sai an bincika gidansa, sana'arsa da lafiyarsa, kuma binciken ƙetare na cin watanni. Iyaye kan ɓoye maganar saboda kunya, sai an kusa hukunci su ambaci suna, alƙali kuma yana iya cewa an makara. Idan ɗan uwanka ya kira ka kan haka, ka ce lauyansa ya miƙa sunanka tun zaman farko, kai kuma ka tanadi fasfo da shaidar zumuncinku.