Daga Hatimin Fada zuwa Katin Biki: Yadda Takarda Ta Shiga Gaisuwar Kanawa

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a watan Fabrairun 1851, cikin hajar da ya lissafa tana ƙetaro Sahara har da takarda. Wata iri ce mai alamar jinjirin wata uku a cikin jikinta, ba ka ganin alamar sai ka ɗaga ta ka haska da rana. A arewacin Italiya ake yin ta, a masana'antu irin na gidan Galvani da ke Pordenone, ta sauka Tarabulus, Larabawan Gadamus su ɗoro ta a raƙuma ta Gat da Agadas har Kasuwar Kurmi. Barth ya lura cewa da yawa daga cikinta ba rubutu ake yi da ita ba, naɗe baƙaƙen tufafin Kano ake yi da ita kafin fatake su fita da su. Wadda ta tsira daga hannun 'yan turkudi kuwa ta malamai ce da ta fada.

Takardar da ta yi watanni a bayan raƙumi ba a ɓata ta wajen cewa barka da Sallah. Yaro a allo yake koyon rubutu, ya wanke ya sake. Sai ya kai munzalin rubuta Alƙur'ani ko kwafar littafi ake damƙa masa takarda da alƙalami da tawadar da ba ta wankuwa, wadda ake dafawa da bagaruwa. Saboda haka wanda ya je neman katin gaisuwa a cikin birni a ƙarni na 19 zai dawo hannu rabbana. Amma in ya warware katin ya dubi abubuwan da ke cikinsa, wato bugun hatimi da ninki da ado, zai tarar kowannensu ya daɗe a cikin ganuwa, kowanne yana wani aiki na daban.

Hatimi ya fi su daraja, don asalinsa a wajen Musulmi yana komawa ga zoben azurfar da Annabi (SAW) ya sa aka ƙera masa lokacin da zai aika wa sarakunan duniya wasiƙu, bayan an gaya masa ba sa karɓar takardar da ba hatimi. A wannan yanki namu wasiƙun Shehun Borno da na Sarkin Musulmi suna ɗauke da hatimi: ɗan ƙarfe da aka zana sunan mai shi a juye, a shafa masa tawada a danna a saman takarda. Muna da hoton yadda wasiƙun zamanin suke saboda tarin da Turawa suka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, wanda H. F. Backwell ya fassara wani sashe nasa ya buga a 1927, cikinsu har da na sarakunan Kano. Gajeru ne. Sunan mai aikawa, sunan wanda aka aika wa, gaisuwa da addu'a, sannan maganar a layi kaɗan. Sauran bayani yana bakin manzo. Wannan ɗabi'a ce da ya kamata mai karatu ya riƙe, don har yau ba ta bar Kano ba: takarda shaida ce cewa wane ne ya aiko, amma saƙon mutum ne ke ɗauke da shi.

Ambulan babu. Wasiƙar ce ake ninkewa ta rufe kanta, a saka a jakar fata. Gwanayen ninki na sosai kuwa su ne masu rubuta laya. Malam zai cika takarda da rubutu, ya ninka ta, ya sake ninkawa har ta koma kamar kan ɗan yatsa, a ɗaure da zare a kai wa baduku ya rufe da fata. Ninki ne da aka yi don kada a sake buɗewa. Mai katin zamani yana yin nasa ne don a buɗe, a ga abin mamaki ya miƙe tsaye. Hannun dai ɗaya ne, niyyar ce ta juya.

Inda na fi ganin kakan katin hannu shi ne allon zayyana. Idan yaro ya sauke Alƙur'ani, a kai sabon allo wajen mai zayyana ya ƙawata shi da ja da rawaya da kore da baƙi, da zane-zanen da'ira da murabba'i da saƙar da ke kama da dagi, irin adon da ake yi a kwafin Alƙur'ani wajen alamar hizifi da sumuni. A tsakiya a bar fili a rubuta Fatiha, a ɗaya fuskar a rubuta farkon Baƙara. Ranar sauka ya karanta a gaban malamai, sannan ya ɗauki allon ya bi gidajen dangi, kakanni da gwaggwanni da kawunnai, kowa ya gani ya sa albarka ya ba da abin da ya sawwaƙa. Abu ne da aka yi da hannu, don mutum guda, don sanar da farin ciki guda, aka kuma kai shi har gida. Me ya rage na katin gaisuwa? Sai dai shi allo ba a barinsa a gidan da aka kai shi, mai shi yana komawa da kayansa ya rataye a ɗakin mahaifiyarsa.

Gayyata kuwa aikin goro ce. In an sa ranar ɗaurin aure ko an yi haihuwa, a sayo goro a rarraba, wannan na liman, wannan na mai unguwa, wannan na abokan uba, mata su ma su bi gida-gida da nasu. Wanda ya karɓi goron ya ɗauki nauyin zuwa, wanda aka tsallake ya samu abin faɗa har shekara ta zagayo. Gaisuwar Sallah ba ta ma bukatar wannan. Bayan an sauko daga idi kowa ya san gidan da zai fara zuwa, yara su yi ɗinki su fita yawon Sallah su tara goron Sallah, Sarki da kansa ya hau ya je gaishe da mahaifiyarsa ran Hawan Daushe. A garin da Sarki ke hawa doki don ya kai gaisuwa, wa zai aika wa babansa kwali? Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, kuma a zahirin ƙafar suke nufi.

A can Turai da Amurka ne aka haɗa abubuwan wuri guda, cikin 'yan shekaru kaɗan. A 1840 Ingila ta fito da kan sarki na kwabo ɗaya, aika wasiƙa ya zama abin da talaka zai iya. A 1843 wani ma'aikacin gwamnati, Henry Cole, ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa katin Kirsimeti, aka buga guda 1,000 aka sayar sule-sule. A 1844 Charles Goodyear ya yi rajistar dabararsa ta dafa roba da farar wuta don kada ta narke da zafi ko ta ƙage da sanyi, kuma daga nan ne hatimin roba ya fito a Amurka wajen shekarun 1860. Kafin ƙarnin ya ƙare maɗaba'un Jamus da Ingila suna fitar da katuna masu buɗewa hawa-hawa.

Cikin waɗannan duka, hatimin roba na cikin waɗanda suka riga shigowa Kano, kuma ba da fara'a ya shigo ba. Bayan Turawa sun ci birnin a watan Fabrairun 1903, aka kafa Baitulmali a zamanin Sarki Abbas, mulkin En'e ya zama mulkin takarda: rasidin haraji, rasidin jangali, sammacin alƙali, takardar fili. Abin da a da sai manyan sarakuna ke da shi ya sauko teburin kowane malamin ofis. Talaka ya fara sanin hatimi a matsayin abin da in babu shi a takardarka dogari zai iya tsare ka. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, takarda ta daina bin Sahara ta koma biyowa ta Legas, ta yi araha. Gidan waya ya kawo ambulan da kan sarki, da masu zama a bakinsa suna rubuta wa jama'a wasiƙa. Daga baya aka samu masu sassaƙa hatimi a gefen titi, da ɗan teburi da reza da guntun roba. Ka ba shi sunan ƙungiyarku ko shagonka, ya zana haruffan a juye, ya ƙwaƙule abin da ba a so, ya manna a ɗan katako. Aiki ne mai cin ido, kuskuren harafi guda sai a sake daga farko.

Ɗab'i ya biyo baya. En'e ta Kano ta yi tata maɗaba'ar, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, sannan maɗaba'u masu zaman kansu irin su Oluseyi suka buɗe a wajen ganuwar Kano. 'Yan littattafan Kurmi suka gano cewa mutanensu ba sa son haruffan inji, sun fi natsuwa da rubutun da suka saba gani a tsangaya, sai suka riƙa sa marubuta irin su Sharif Bala Gabari su rubuta da hannu, a ɗauki hoton rubutun a buga dubbai. Da injinan suka zauna da gindinsu, sai ƙananan ayyuka suka biyo: rasidi, kalanda, da katin gayyata.

A nan kati ya samu ƙofar shiga. Gari ya faɗaɗa, dangi sun bazu Fagge da Gwammaja da Kaduna da Legas, abokan aiki sun yi yawan da goro ba zai game su ba. Katin ɗaurin aure ya ɗauki tsarin da kowa ya haddace: Bisimilla a sama, iyalan wane da na wane suna farin cikin gayyatar wane, sunan ango da na amarya, rana da wuri da lokaci, a ƙasa a roƙi wanda bai samu zuwa ba ya taya da addu'a. Mata suka yi nasu daban mai jerin kamu da sa lalle da wuni. Amma a lura, katin bai kori goro ba. Kusa da shi ya zauna. Sau da yawa tare ake miƙa su, da 'yar alawa.

Katin gaisuwa zalla, wanda ba gayyata a cikinsa, 'yan makaranta ne suka raya shi. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu, 'ya'yan birni suka tafi makarantun kwana inda ƙafa ba za ta kai su gida ba, waya kuma sai gidan wane da wane. A shekarun 1980 da 1990 katin Sallah da katin fatan nasarar jarrabawa suka zama abin ji da kai. Wanda ya fi tara su ran fara jarrabawar fita shi ne ɗan gata. Na kanti da tsada, kuma kalamansa na Turanci ba su faɗin abin da ke ran mai aikawa. Sai yara suka koma ga kwali da almakashi da biro mai launi. A ninka kwali biyu, a tsaga layi biyu gajeru a kan ninkin, a tura tsakiyar ciki. In an buɗe sai ta fito kamar matakala, a manna fure ko hoton masallaci a kai. Wasu su ninko gefe da gefe su haɗu a tsakiya, a buɗe su kamar ƙyaure biyu. Mai dabara ya bi layin ninkin da bayan wuƙa tukuna don kada kwalin ya tsage. Mai son hatimi ya sassaƙa kilina da reza, ya shafa mata tawadar biro ya buga farkon sunansa. Zamanin ne kuma littattafan soyayya suka cika Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, kuma wasiƙar saurayi ta samu nata ninkin na musamman, wanda in ƙanin da aka aika ya buɗe a hanya ba zai iya mayarwa yadda take ba. Malamai da iyaye ba su so abin ba, ba kuma a rasa dalilinsu ba.

Wayar salula ta zo a 2001, kuma cikin 'yan shekaru saƙon tes ya gama da katin Sallah. Masu sassaƙa da reza suka ragu, don kwamfuta tana fitar da hatimi cikin sa'a guda, haruffa ras. Katin gayyata shi ma ya koma hoto a WhatsApp, ana tura wa mutum ɗari kafin a gama shan shayi. Abin da ya rage a takarda sai ya hau sama: kati mai kauri, mai ninki uku ko huɗu, da zare da hatimin kakin zuma, wanda matasa, yawancinsu mata, ke haɗawa a gida suna tallatawa a Instagram, wani lokaci kuɗin guda ɗaya ya sayi goron gida guda. Yawanci na wajen dina ne, kuma rabin aikinsa tikitin shiga ne a ƙofa. A ganina da yawansu kwaikwayon abin da ake gani a intanet ne, alhali zanen allon zayyana da na tadarishin dukawa suna nan a Kurmi, ba su rasa komai ba da za a sassaƙa su a roba a buga a kwali.

A cikin birni kuwa, daga Yakasai zuwa Gabari, har yanzu ba a tura wa dattijo gayyata ta waya a ce an gama. Uban ango ko ƙaninsa ne zai ɗauki katin ya sa a aljihu, ya je bayan la'asar, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure ya durƙusa, ya faɗi ranar da bakinsa. Dattijon ya ce Allah Ya sa alheri, Allah Ya kai mu, ya karɓi katin ya tura ƙarƙashin buzu, sau da yawa ba tare da ya buɗe ba.