Gasar Matasan Ƙungiyoyin Ƙwallon Gaelic ta Ulster

Gasar Matasan Ƙungiyoyin Ƙwallon Gaelic ta Ulster gasa ce da ake yi kowace shekara a lardin Ulster na tsibirin Ayilan, inda zakarun matasa na gundumomi tara na lardin suke karawa, shida daga Ayilan ta Arewa, uku kuma daga Jamhuriyar Ayilan. Ƙungiyar St Paul's ta birnin Belfast ce ta assasa ta a shekarar 1982, ita ce kuma take ɗaukar nauyinta a lokacin hunturu, kuma bisa al'ada ana buga wasan ƙarshe ranar 1 ga Janairu, a miƙa wa wanda ya yi galaba kofin Jimmy McConville.

A ƙa'idar wasan, kowane ɓangare yana da 'yan wasa 15, ana sarrafa ƙwallo da hannu da ƙafa, kuma zura ta a raga maki uku ne.

Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka fi shahara a tarihin gasar ita ce Watty Graham's Glen ta garin Maghera a gundumar Derry, wadda ta ci kofin sau huɗu a jere daga 2011 zuwa 2014. Da yaran wancan zamani suka kai munzalin girma, cikinsu har da Conor Glass, sai suka kawo wa ƙungiyar kofin manya na Derry karon farko a 2021, sannan na Ulster a 2022 da 2023, har suka ɗauki na Ayilan baki ɗaya ranar 21 ga Janairu 2024 a filin Croke Park na Dublin, bayan sun rinjayi St Brigid's ta Roscommon.