Kujerar mata da ladan aikinsu, daga Yamai zuwa jihohin iyaka

A bikin cikar ƙungiyarmu na bana, bari mu waiwayi wani tarihi da ya shafi iyayenmu mata masu safarar kaya tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Ƙonni da Illela.

Matan Nijar sun samu 'yancin zaɓe tun 1956, zamanin mulkin Faransa. Na arewacin Najeriya kuwa sai a 1976, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan wannan magana. To amma ƙuri'a ba ta ba su kujera ba. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi tattaki a Yamai, domin mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. Aka ƙara musu wakilai, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar. Duk da haka, a zaɓen 1999 mace guda ce ta shiga majalisa mai kujeru 83. Sai a 2000 aka kafa dokar kaso: kashi 10 cikin ɗari na zaɓaɓɓu, kashi 25 na naɗe-naɗe. Zaɓen 2004 ya kawo mata 14 cikin 113. A 2019 aka ɗaga kason zaɓaɓɓu zuwa kashi 25.

Najeriya ba ta da irin wannan doka. A watan Maris 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurin ware wa mata kujeru. Bayan zaɓen 2023, babu mace ko ɗaya a majalisar jihar Kano mai kujeru 40, haka ta Katsina mai 34, haka Jigawa da Sakkwato. Alhali a waɗannan zauruka ake zartar da dokar haraji da kasafin gyaran kasuwanni, abin da ya taɓa mai sayar da fura kamar yadda ya taɓa mai tirela.

Batun lada ya fi wuya. Nijar ta amince da yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya kan biyan mace da namiji daidai tun 1966, Najeriya a 1974. Ma'aikaciyar gwamnati ta ci moriyar wannan, tunda albashinta na bin mataki ne. Amma mai ɓarar gyaɗa da mai tsintar riɗi a ɗakunan ajiyarmu, da kwano ko buhu ake lissafa musu, ba takarda ba sa hannu. Wannan farashi kuwa ba majalisa ke yanke shi ba, mu 'yan kasuwa ne ke yanke shi duk kaka.